Wanzamin da Ake Fara Yi wa Jarfa

Ka shiga gidan da aka yi rasuwa jiya, ka durƙusa gaban mai gidan ka ce, "Ina gajiya?" Zai ce maka ba gajiya. Ka ce, "Ya haƙuri?" Ya ce da godiya. Matar da ta kwana uku ba ta runtsa ba, in ka tambaye ta yadda ta kwana, lafiya lau za ta ce, har ta ƙara maka da alhamdu lillahi. Haka aka rene mu, ni kuwa ban ga aibun hakan ba, don garin da kowa ke zazzage cikinsa a bakin hanya ba ya daɗin zama. Mun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mai zurfin ciki kuma yabonsa ake yi. Sai dai tuwo kafin gari ya waye ya narke. Maganar da aka haɗiye kuwa takan shekara goma tana nan inda aka ajiye ta.

Wanda ya san yammacin Katsina, garuruwan da ke gefen dajin Rugu, daga Batsari da Ruma da Wagini zuwa Darini da Runka da Safana, ya san irin abin da mutanen nan suka haɗiya a 'yan shekarun nan. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum wajen 30 a Tsauwa da Dankar. A Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Waɗannan an ƙirga su, rediyo ya faɗa. Ba wanda ya ƙirga magidancin da ƙarar babur ke sa shi zabura yana cikin salla, ko yaron da ya kai shekara goma ya koma fitsarin kwance, ko dattijon da ya sayar da gona da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, tun daga ranar bai sake zama majalisa ba. Ka gaishe su, duk lafiya lau.

To akwai sana'ar da aka gina kacokan a kan jin abin da ke ƙarƙashin lafiya lau ɗin nan. Sunan iliminta, in aka juyo shi daga Jamusanci, ilimin zurfin zuciya ne. Mai yin ta ba ya allura, ba ya rubuta ƙwaya, ba ya tofi. Kayan aikinsa ɗaki ne da kujeru biyu da agogo, sai kunnen da aka shekara biyar ko fiye ana wasawa. In na ce masa likitan zuciya, za a ɗauka mai duba hawan jini nake nufi. In na ce likitan ƙwaƙwalwa, hankali ya tafi asibitin Dawanau ko na Kware. Bari in kira shi mai jinya da zance. Ba za ka ga allonsa a bakin kasuwar Batsari ba. Yawancin masu sana'ar suna Turai da Amurka da Ajantina, inda mutum kan gama koyo ya kama ɗakinsa na kansa, masu damuwa su riƙa zuwa suna biya.

Tushen ilimin ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya tashi a gidan Bahaushe. Akwai zaure, inda ake karɓar baƙi, kullum a share. Akwai tsakar gida, sai na gida. Akwai ɗaki. Can ciki kuma akwai ƙurya, inda ake tura tarkacen da ba a son gani, a jingina tsohuwar tabarma a kai, har mai ɗakin ya manta abin da ya ajiye. Masu wannan ilimi suka ce zuciya ma haka take, kuma abin da aka tura ƙurya ba ya zama shiru. Yakan leƙo a mafarki ko a suɓutar baki, yakan zama ciwon da awo ba ya gani, ko fushin da mutum ke saukewa a kan wanda bai ci ba bai sha ba.

A Biyana, babban birnin Ostiriya, aka fara kama bakin zaren. Tsakanin 1880 da 1882 wani likita, Josef Breuer, yana jinyar wata budurwa mai suna Bertha Pappenheim, wadda cikin abubuwan da suka same ta har da kasa shan ruwa. Ga ƙishi, amma da an miƙa mata kofi sai ta ture. Makonni ta yi da 'ya'yan itace kawai take jiƙa maƙogwaro. Ran nan tana cikin zance da likitan sai ta tuno ta taɓa ganin karen wata mata da ke zaune da su yana shan ruwa a kofi, ƙyama ta kama ta, ta haɗiye don kada ta yi rashin ladabi. Da ta amayar da maganar da duk fushin da ke cikinta, ta ce a ba ta ruwa, ta sha. Ciwonta bai ƙare cikin sauƙi yadda aka fara ba da labari ba, ta sake kwanciya asibiti daga baya, amma abin da aka gani ranar ya ishi abokin Breuer, Sigmund Freud, ya ɗora rayuwarsa a kai.

A Zurik ta ƙasar Suwizalan kuma wani matashin likita, Carl Jung, ya yi aiki da wata dabara da nake jin daɗin ba da labarinta. Zai riƙe agogo, ya karanto wa mutum kalmomi 100 ɗaya bayan ɗaya, kowace ya ce a faɗi abin da ya fara zuwa a rai. Ana cikin tafiya sumul sai a zo kan wata kalma, a ce uwa ko aure ko kuɗi, mutum ya yi turus, ko ya yi dariyar da ba dalili, ko ya ce bai ji ba. Jinkirin nan Jung yake aunawa, don inda ƙafa ta yi ɗingishi nan ƙayar take. Shi da Freud sun yi tafiya tare, suka ɓata a 1913, kowa ya kafa makarantarsa, har gobe almajiransu ba su gama musu ba. A kan ƙuryar nan dai ba su taɓa saɓawa ba.

A zo a ga aikin. Mu ƙaddara wata mata ce daga wajajen Darini, ta doshi shekara hamsin, ta baro gida ta tare wurin babban ɗanta a Katsina. Kukanta ƙirji, ta ce kamar an aza mata dutsen niƙa. An auna jini, an ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Ta sha rubutu, an yi mata tofi, mai kemis ya ba ta ƙwayar barci. Daga ƙarshe aka kai ta wurin wata mai jinya da zance, wadda a haife matar ta haife ta.

Ɗakin ba tarkace. Kujerun an ɗan karkata su, ba su fuskanci juna kai tsaye ba, abin da ya yi daidai da mu da ba ma ƙura wa babba ido. Agogo yana inda mai jinyar za ta gan shi ba sai ta ɗaga hannu ta duba ba. Minti hamsin ne zaman, rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya.

"Sannu da zuwa, Inna. Ya hanya?"

"Lafiya lau, ɗiyata."

"Ya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi."

Ba ta gajarta gaisuwar ba, don wanda ya tsallake zaure ba ya ganin tsakar gida. Da suka gama ta ce, "Inna, lokacin nan naki ne. Duk abin da ya zo maki a rai ki faɗa, ko da kin ga ba shi da kai ba shi da gindi. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, nan zai tsaya." Sannan ta yi shiru.

Shirun nan ya fi komai wuyar koyo. Gwada ka gani: ɗan'uwanka ya fara ba ka labarin damuwarsa, ka ƙirga daƙiƙa nawa za ka yi kafin ka ce masa sai haƙuri, ko ka jawo naka labarin da ya fi nasa muni. Ba mugunta ke sa mu haka ba. Turirin maganar ne ke ƙona mu, sai mu yi maza mu rufe tukunyar.

Inna ta yi makonni tana zancen tsadar masara, da surukarta da ba ta iya tuƙa tuwo ba, da awakin da ta baro. Mai jinyar tana saurare da kunne biyu, ɗaya ga abin da ake faɗa, ɗaya ga abin da ake kewayewa. Ta lura 'ya'ya shida Inna ta ce ta haifa, amma sunan huɗu kawai ke fitowa. Baƙon da ya zo da digirinsa daga Landan zai kama na farkon ya ce ga matsalar, uwa ba ta iya kiran sunan babban ɗanta, sai dai "yaron nan". Ita kuwa ta san wannan kunyar ɗan fari ce, lafiyayyar al'ada. Ɗayan ne ya tsaya mata a rai. Auta, wanda uwa ba ta rabuwa da kiran sunansa, shi ne ba a taɓa ambata ba. Ba ta tambaya ba, ta dai ajiye.

A zama na bakwai Inna ta kawo mafarki. Ta ga kanta riƙe da ƙwaryar fura, tana ta neman faifan rufewa ba ta gani ba, ga hadari ya taso. Mai fassarar mafarki irin wanda muka saba da shi zai buɗe littafi ya gaya mata abin da fura ke nufi da abin da hadari ke nufi. A ɗakin nan ba littafin da za a buɗe, don ƙwaryar Inna ba ta kowa ba ce.

"Ƙwaryar nan, Inna, mi ta tuna maki?"

Shiru ya yi tsawo. Inna ta gyara lulluɓi, ta dubi ƙofa. Can sai magana ta fito, da muryar da ba ta yi kama da tata ba. Ranar da aka shigo masu, da la'asar sakaliya, ita ta dama fura ta ba autan ya kai wa babansa gona. Ya ce ya gaji, ta yi masa faɗa, ya ɗauka ya tafi. Ba a sake ganinsa ba.

"Ni na aike shi," in ji ta. "Ya ce bai zuwa, ni na tilasta mashi."

Duk mai zuciya a ƙirji abin da zai fito bakinsa shi ne, ba laifinki ba ne, ƙaddara ce. Gaskiya ne kuwa, kuma Inna ba ta taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Amma wannan maganar ta ji ta sau ɗari daga bakin 'yan jaje, kuma duk wanda ya faɗa, da ita yake rufe zancen. Mai jinyar ta bari maganar ta sauka tukuna, sannan ta ce, "Shekara uku ke nan kina ɗauke da wannan, ke kaɗai." Ranar Inna ta yi kukan da ba ta yi ba tun barowarsu gida.

Da fim ne, nan dutsen zai faɗo daga ƙirji a sa kiɗa. A zahiri, mako na gaba ba ta zo ba, ta aiko cewa ƙafa ke mata ciwo. Da ta dawo fuska a murtuke, ta ce ita ba ta ga amfanin wannan surutun ba. Gwani ba ya jin haushin haka, yana ma sa ran hakan, don wanda aka ga cibiyarsa ranar wanka gobe yakan ƙara ɗaure zane. Sai kuma wani abu ya ɓullo. Inna ta shiga tambayar mai jinyar ko ta ci abinci, ta hana ta tafiya Kano da yamma, ran da ta ji ta yi tari hankalinta ya tashi fiye da kima. Rigar autan ta sa mata ba ta sani ba. Freud ya lura da irin wannan tun da wuri, ya ɗauke shi cikas, daga baya ya gane nan aikin yake: abin da mutum ya kasa faɗa yakan aikata shi a kan wanda ke zaune gabansa. Sai a nuna masa a hankali, a lokacin da idonsa zai iya ɗauka. "Inna, na lura duk ran da zan yi tafiya hankalinki bai kwanciya, kamar in na fita ba ni dawowa." Wata da watanni ana haka, kafin ranar da Inna ta kira sunan yaron da bakinta, ta ba da labarin ƙiriniyarsa har ta yi dariya. Ƙirjin bai daina nauyi gaba ɗaya ba. Barci dai ya dawo, ta koma zuwa suna da biki.

Me ya hana mai jinyar zurawa cikin rigar da aka miƙa mata? Ita ma mutum ce, tana da uwa, tana da nata tarkacen a ƙurya. Amsar tana cikin yadda ake horar da su, kuma nan ne sana'ar ta fi burge ni. Mun ce wanzami ba ya son jarfa. To wannan wanzamin ba a miƙa masa aska sai an yi masa jarfar tukuna. Jung da mutanensa na Zurik ne suka fara matsawa a kan haka, Freud ya yarda, daga baya ya zama sharaɗi: duk mai son leƙa ƙuryar wani, sai ya zauna kujerar majinyaci gaban wani gwani shekara da shekaru, yana biya daga aljihunsa. A makarantun da suka fi tsanantawa sau uku zuwa biyar a mako ake wannan zama, ɗaruruwan sa'o'i kafin a ce an gama.

Dalilin a fili yake in ka kawo shi gida. Ɗauki mai jinyar da mijinta ya yi mata kishiya bara, yau ga wata amarya zaune gabanta tana kukan uwargida ta hana ta sakat. In ba ta taɓa buɗe nata gyambon ta dube shi ba, kunnenta zai toshe, ta koma alƙaliya, ta ma ɗauka ilimi ne ke magana. Ko namijin da ya tashi hannun uba mai duka, aka kawo masa magidancin da ke jibgar 'ya'yansa. Horon ba ya goge tabo. Abin da yake yi shi ne sa mutum ya san inda nasa yake, yadda in ya motsa zai gane nasa ne, kada ya ɗora wa wanda ya zo neman taimako.

Tsarin da aka fi bi an kafa shi ne a Balin, a cibiyar da Max Eitingon ya buɗe a 1920, kuma kamar murhu yake, duwatsu uku. Jarfar nan ɗaya ce. Sai karatu, yawanci da yamma bayan an tashi aiki, a kan yadda yaro ke girma, da mafarki, da cututtukan ƙwaƙwalwa. Na ukun shi ne ɗalibi ya karɓi majinyata a ƙarƙashin idon wani babba, ya riƙa zuwa yana maimaita masa zaman kusan kalma bayan kalma, babban kuma ya jefo masa tambayar da ba a so: da ta faɗi haka, kai me ka ji a ranka, me ya sa ka yi saurin sauya zancen? A Jamus, inda inshorar lafiya ta jama'a ke biyan kuɗin irin wannan jinya tun 1967, dokar 1999, kafin a sauya ta a 2020, ta ɗora wa wanda ya riga ya gama jami'a ƙarin sa'o'i 4,200 na horo, shekara uku in ba ya wani aiki, biyar in yana haɗawa da neman abinci.

Akwai wani darasi da ban gaji da mamakinsa ba. A asibitin Tavistock na Landan, wata mata Esther Bick ta shigo da shi a 1948. Za a nema wa ɗalibi gidan da aka yi haihuwa, ya riƙa zuwa sa'a ɗaya kowane mako har shekara biyu, ya sami gefe ya zauna yana kallon jariri da uwarsa. Ba zai rubuta komai a wurin ba, ba zai ba da shawara ba, ko da yaron na tsala kuka uwar ta rasa yadda za ta yi. In ya koma gida ya rubuta duk abin da ya gani, ya karanta wa 'yan ajinsu. Ana koya masa gane hali a wurin wanda bai iya magana ba, ana kuma koya masa danne ƙaiƙayin nan na son gyara. Tsofaffinmu da ke zaman jego kwana arba'in sun fi shi ganin irin waɗannan abubuwa, ba ko tantama. Shirun ne dai ba za su iya ba.

Bayan duk wannan sai mutum ya kama ɗaki ya zama mai gidan kansa, nan kuma wata wahalar ke jiransa. Ba albashi. Kuɗin haya nasa, kuɗin babban da yake ci gaba da kai wa aikinsa a duba nasa. Mutum shida ko bakwai a rana, kowa ya sauke masa kayansa, shi kuwa ba damar ya koma gida ya ce wa iyali, kin san abin da na ji yau? Dokokin ɗakin ma a idonmu kamar rashin kara ne. Lokaci ya cika a tashi ko da zance ya yi daɗi. A tsayar da kuɗi tun ranar farko. Da yawansu in ka ƙi zuwa ba sanarwa sai ka biya. Na daɗe ina jin wannan taurin zuciya ne, sai daga baya na gane kamar ginin bakin rijiya ne, shi ke ba mutum damar leƙa zurfi bai faɗa ba. Wanda ya biya ba ya jin an yi masa alfarma, don haka yana iya yin fushi da mai jinyarsa, ya faɗa masa abin da ba zai taɓa faɗa wa kawunsa ko malaminsa ba, mako mai zuwa ya tarar da kujerarsa tana jiransa.

A ƙasar Hausa sai an yi wa dokokin kwaskwarima, kuma gwaninta ce sanin wadda za a lanƙwasa da wadda ba a taɓawa. Littafi ya ce a yi hattara da kyauta, amma ran da Inna ta kwance bakin zane ta fito da ƙwan zabi biyar, mayar mata cin fuska ne. A karɓa da hannu biyu, a gode, a kuma riƙe a rai abin da kyautar ke faɗa. In an haɗu a gidan biki, a bar majinyaci ya fara gaisuwa in ya so. Mace da namiji a ɗaki ƙofa a rufe ba zai yiwu ba a nan, shi ya sa muke buƙatar mata a sana'ar fiye da yadda Turai ke buƙata. Sirri kuwa ba a lanƙwasa shi. Mai gida ya zo yana so ya ji abin da matarsa ke faɗa, amsar ita ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, amana ce. Da kai ne ka zauna nan, haka zan riƙe taka."

Gwani kuma ya san iyakarsa. Mai jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, da mai farfaɗiya, da wanda ƙwaya ta ci ƙarfinsa, da wanda ke zancen kashe kansa, likita da magani suke buƙata da gaggawa, zance ya biyo baya. Wadda aka sako daga daji makon jiya ba tonon ƙurya take buƙata ba, abinci take so, da wurin kwana ba fargaba, da likita, da mutanen da ba za su riƙa nuna ta da baki ba. Tono kafin lokaci ƙarin rauni ne. Abin da muka gani a 2019, da aka buɗe gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa, ya isa ya nuna inda ake ƙarewa in mai magani bai san inda iliminsa ya tsaya ba.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu. Freud ba mai addini ba ne, a 1927 ma ya rubuta littafi yana kiran addini ruɗi. Malik Badri, masanin nan ɗan Sudan da ya rasu a 2021, tun 1979 ya gargaɗi Musulmi masu wannan fanni da su daina bin sa ido rufe, kuma ya yi gaskiya. Sai dai Badri da kansa jinya da zance ya yi duk rayuwarsa, yana kuma cikin waɗanda suka jawo hankalin duniya ga Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya bar littafi a kan lafiyar jiki da ta rai. Al-Balkhi ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke saukar wa mutum haka kawai, ya yi bayanin tsoro da fushi da waswasi, ya ce mai ciwon rai yana buƙatar amintaccen da zai yi masa magana daga waje, kamar yadda mai ciwon jiki ke buƙatar likita. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa mafarki iri uku ne, na ukun zancen zuci ne, abin da rai ke saƙawa. Wannan na ukun shi ne gonar mai jinya da zance, ba ruwansa da shiga sauran biyun. A sheƙe Freud kamar yadda ake sheƙe gero, tsabar tana da yawa.

Saura maganar kuɗi, don manomin da ya sayar da gonarsa ba shi da abin biyan minti hamsin. Masu sana'ar sun san da haka tun farko. Cibiyar Balin ɗin nan kanta talakawa aka buɗe wa, wanda ba shi da shi ba a karɓar komai a hannunsa. A gida Najeriya ma muna da abin koyi. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa asibiti da rana, har masu maganin gargajiya Lambo ya jawo cikin aikin. Mutumin nan daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Gwani ɗaya da ya sha horo sosai, in ya zauna a Katsina ko Dutsin-Ma, zai iya karɓar masu hali a ɗakinsa da safe, da yamma ya riƙa duba aikin ungozomomi da malaman asibiti da malaman makaranta goma da ke sauraron mutane a Batsari da Safana.

A Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka dai ba ta zama a kujera ta saurari kowa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa yawansu bai kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, masu jinya da zance da ke jin Hausar Katsina kuwa sai an tona. Hanyar a buɗe take: shekara huɗu ta ilimin halayyar ɗan'adam a jami'a irin ta Jos ko Ibadan ko Nsukka, sai digiri na biyu a ɓangaren jinya, da koyon aiki a asibiti irin na Barnawa ko Kware, sannan horon zurfin, wanda yawanci sai an haɗa da waje. Tafiyar da nisa, amma wanda zai bambanta kunyar ɗan fari da shirun auta a cikinmu zai fito, Zurik ba za ta aiko mana shi ba. Ke ɗalibar da ke cike fom ɗin JAMB bana a Batsari ko Safana, in kin san ke ce ƙawaye ke kawo wa damuwarsu kuma maganar ba ta taɓa fita daga bakinki ba, ki duba wannan fannin kafin ki zaɓi wani. Iyaye kuma, don Allah a bar ta ta karanta.